Watan da Badamasi Ya Kifar

Duk wanda ya san kasuwar Utako ya san Badamasi Gwanjo, amma a nemo mini mutum ɗaya da ya taɓa ganinsa a zaune. Akwai benci a ƙofar shagonsa, maƙwabta ne suka cinye shi da zama. Shi mai shagon in ya ɗosana, kafin ka kai ƙarshen sallama ya miƙe. A tsaye yake shan shayi, a tafe yake amsa waya. Mai askinsa ma ya ce yi masa aski sai da dabara, kamar mai yi wa akuya allura.

Bazazzagi ne, shekara arba'in da 'yan kai. Da ƙuruciya ya shigo Abuja, ya fara da karen mota a tashar Jabi, ya zama direba yana jigilar Lokoja. Ya bar tuƙi ya kama katin waya. Ya bar katin waya ya shiga koyon gyaran janareta, mako uku cur. Ya taɓa kiwon tarwaɗa a tankin roba a tsakar gida, ranar da ya kamata ya canja musu ruwa sai ya ji labarin wani injin markaɗe a Suleja, ya dawo ya tarar da su sun yi rigingine gaba ɗaya. A ƙarshe Allah ya haɗa shi da sana'ar da ta yi daidai da jininsa, wato sayen kayan gida na hannu. Abuja gari ne na masu zuwa da masu tafiya. Yau an canja wa wannan wurin aiki, gobe wancan ya faɗi zaɓe, jibi kwangilar wani Bature ta ƙare. Sai a kira Badamasi ya zo da a-kori-kura ya kwashe kujeru da firji da labule. Kaya ba sa kwana uku a hannunsa. Sana'a ce da ba ta bukatar mutum ya shaƙu da komai.

Abu ɗaya ya fara a duniya bai bari ba, auren Batulu. Bafulatana ce, 'yar wata ruga a bayan Abaji. Tun yana direba ya gan ta a bakin titi da ƙwaryar nono, ya dinga tsayawa shan fura har fasinjoji suka fara zaginsa. In an yaba masa da riƙon aure sai Batulu ta ce, "A'a, ku dai yaba wa turke. Akuya ba ta ɗaure kanta."

Mahaifin Batulu shi ne Baffa Hammawa. Shekara arba'in ke nan shi ke ganin jinjirin wata a rugarsu da rugagen da ke kewaye. Ba na azumi da na Sallah kaɗai ba, kowane wata. Akwai wani tsohon suri yamma da garke, nan yake hawa bayan faɗuwar rana, ya yi shiru, can ka ji ya ce, "Ya tsaya." Daga bakinsa mata ke ƙirga watannin ciki, makiyaya ke lissafin haihuwar shanu. Sai ga shi shekara biyu ke nan yanar ido ta fara rufe masa gani. Likita ya ce a yi aiki, Baffa ya ce idonsa ba buhu ba ne da za a farke a ɗinke. Yanzu samari ke duba waya su gaya masa wata ya kama.

Ranar da watan Zulƙida ya tsaya, Badamasi da Batulu suna rugar, sun je gaisuwa. Suka ga tsohon ya ɗauki sandarsa ya hau surin kamar kullum. Ya daɗe a tsaye har duhu ya fara shiga. Da ya sauko sai ya tari wani makiyayi da bai kai jikansa ba, ya tambaye shi ƙasa-ƙasa, "Ya tsaya?"

Suka kamo hanyar gida har suka wuce Kwali. A nan ne Badamasi ya lura gefen mayafin Batulu ya jiƙe.

Bayan kwana huɗu aka kira shi kwasar kaya a wani gida kusa da tafkin Jabi. Wani dattijon injiniya ne ɗan ƙasar waje zai koma garinsu. A cikin kayan akwai dogon kwali, da aka buɗe sai ga farin bututu mai tsawon hannu da rabi, da ƙafafu uku na ƙarfe, da wani ƙaramin bututu goye a bayan babban. Badamasi ya ɗauka abin tace ruwa ne. Mai gidan ya yi dariya, ya ce madubin hangen nesa ne, na masu koyon kallon wata da taurari, yana jawo abu ya ƙara masa girma da haske.

Wata? Girma da haske?

Matsalar Badamasi ita ce bakinsa ya fi ƙafarsa sauri, ƙafar kuwa kun ji labarinta. Kafin a-kori-kura ta fita daga layin ya kira wayar ruga, ya sa aka kai wa surukinsa.

"Baffa, watan Layyan nan da idonka za ka gan shi. Ni na faɗa."

Can tsohon ya ce, "Allah ya sa."

Da ya shigo gida da kwalin yana ba da labari yana haki, Batulu ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ta dubi bututun, ta dubi mijinta.

"Baban Zahra, wannan igwar ka iya harba ta?"

"Me ke cikinta? Leƙawa ne kawai."

"Haka ka ce a kan janareta. To bari ka ji. Baffa ba tarwaɗa ba ne. In ka sa shi ya hau suri a gaban mutane, ya leƙa bai ga komai ba, wallahi ba zai ƙara hawa ba har ya koma ga Allah. Gara da ka bar shi da tambayarsa."

Maganar ta shige shi, sai dai bakin alƙalami ya bushe. Saura kwana ashirin da biyar.

Gidansu yana wata unguwa ce a bayan Jabi, irin unguwannin nan da ba sa cikin taswirar kowa, inda kowane bango ke da tarihin jan fentin masu rusau. A tsakar gidan ya kafa igwa, don sunan da Batulu ta raɗa ya bi ta. Yammacin farko, bayan magariba, ya leƙa ya ga baƙi ƙirin. Ya murɗa nan, ya kwance can, ya tsine wa injiniya da danginsa. Batulu ta zo wucewa da buta, ta sa yatsa biyu ta cire murfin da ke bakin bututun, ta ajiye masa a tafin hannu, ta wuce abinta.

Akwai gilasan leƙawa guda biyu a kwalin, ɗaya mai jawowa sosai, ɗaya mai sauƙi. Wa zai tsaya wa mai sauƙi? Ya ɗaura mai ƙarfin. Ga wata a sama yana ƙara ƙiba kullum, makaho ma ya kusa jin ɗuminsa, amma a cikin bututu babu shi babu dalilinsa. Ya yi sama, ya yi ƙasa, ya share sararin Allah kamar mai neman allura da tsintsiya. Sau ɗaya wani farin abu ya gilma, ya yi ihu ya cafki bututun, abin ya yi rawa ya ɓace. Kwana shida ana haka. Ya rame. A shago ya sayar wa wata mata firji ya manta bai ba ta wayar wutar ba. Cikin sallah ma in ya yi sujada ƙafafu uku yake gani.

A bidiyon waya ya gano inda gizo ke saƙar. Ashe ɗan goyon nan, ƙaramin bututun, shi ne mai nuna hanya. Da shi ake fara kamo abu, sannan a leƙa babban. Amma sai an daidaita su suna kallon wuri ɗaya, kuma da rana ake yi, a kan wani abu mai nisa da ba ya motsi, kamar ƙarfen sabis. Mai bayanin ya yi ta nanatawa cewa ko da wasa kada a juya shi wajen rana, ido zai tafi. Kuma a fara da gilashi mai sauƙi. Badamasi ya ji wannan ya yi tsaki, don ya san da shi ake.

Ranar Asabar da hantsi ya saɓi igwa ya kai ta bakin layi, kan wani tudun ƙasa inda ake hango ƙarfen sabis na wajen Utako. Don kada farar rigarsa ta yi datti, ya zari wata falmaran mai ƙyalli daga cikin kayan gwanjo, irin ta ma'aikatan hanya, ya ɗora. Rana ta yi zafi, ya kifa wata hular kwano ruwan ɗorawa da ta zo cikin kayan injiniya. Ya buɗe ƙafafu uku, ya riƙe takardar bayani a hannun hagu da biro a kunne, ya duƙa yana leƙe ta saman rufin mutane.

Jama'a, a unguwa irin wannan, mutum da ƙafa uku da falmaran da hular kwano da takarda, fassararsa ɗaya ce.

Wata mai tuyar ƙosai ce ta fara gani. Ba ta yi ihu ba, ta dai sauke kaskonta da mai yana tafasa ta shige lungu. Cikin minti goma magana ta kai ƙarshen unguwa: safiyo ya zo, katafila na hanya, rusau ne. Wani ya rantse ya ga katafilar da idonsa, guda uku. Mai shagon kwana ya fara jan firjinsa waje. Wasu suka hau rufi suna ɓamɓare kwano, don wanda ya taɓa ganin rusau ya san kwano da ƙofa su ake fara ceta. Mata na ɗaure katifu, kaji na kuka. Shi kuwa gwanin naku bai san ana yi ba, yana can yana murɗa 'yan kusoshin ɗan goyo, yana cizon leɓe.

Maƙwabcinsa Ebenezer mai walda, wanda ya riga ya cire ƙofar shagonsa ya jingine, shi ya yi ta maza ya jagoranci tawagar roƙo. Ya matso yana murza hannu.

"Oga, sannu da aiki, sir. Abeg, a ba mu ko kwana biyu..."

Badamasi ya ɗago.

"Badamasi! Kai ne? Kai ne ka kawo mana katafila? Ni da kai muna sha ruwa rijiya ɗaya!"

"Wace katafila? Wata nake nema."

"Wata? Da rana tsaka? Wata na gidan wa?"

Da ƙyar aka fahimci juna. Waɗanda ke kan rufi suka sauko da guduma a hannu, kuma ba don su gaishe shi ba. Abin da ya cece shi shi ne ya ce kowa ya zo ya leƙa. Ebenezer ya fara duƙawa. Ya daɗe, sannan ya ɗago da baki buɗe.

"Hankaka ne a kan ƙarfe. Ina gani ido nata. Amma tana tsaye da kai! Ƙafa sama, kai ƙasa!"

"Haka injin yake nunawa," in ji Badamasi, wanda shi ma yanzu ya sani.

Aka yi layi. Masu guduma suka leƙa, mai ƙosai ta dawo ta leƙa ta yi salati. Mai unguwa ya leƙa sau biyu, sannan ya yanke hukunci: in Badamasi ya sake fito da abin nan da rana, ko ya sake sa hular nan ko da a ɗakinsa ne, shi da unguwar sai a lahira. Kuma kwanon da aka ɓamɓare da shi za a mayar.

Ebenezer bai tafi ba. Ya tsaya yana kallon yadda Badamasi ke leƙe hannu ɗaya a bututu, ɗaya a ƙafar ƙarfe, gwiwa na kaɗawa. Ya samo galan ya cika da yashi, ya rataye a tsakiyar ƙafafun don su yi nauyi.

"Injin lafiya yake," ya ce. "Hannunka ne ba ta da birki. Ni in ina walda, numfashi ma ina ɓoye shi. Kamo abu, sake shi, hannu a baya. Shi ke nan."

Yinin ranar Badamasi a kan rufin mutane ya ƙare shi, yana buga ƙusa ana yi masa tsiya. Amma da magariba ta yi, wata ɗan sha huɗu ya taso daga gabas, ya sa shi a tsakiyar ɗan goyo, ya ɗaura gilashi mai sauƙi, ya leƙa. Hannunsa ya tashi zai cafka, Batulu ta danƙa masa carbi a ciki.

"Riƙe wannan. Ka ba su aikin yi."

Ga wata ya cika idonsa, fari tas, da tabo-tabo da ramuka a gefe kamar bayan tsohuwar ƙwarya. Yana tafiya a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, sai an ɗan tura bututun da kan yatsa a bi shi. Tuwo ya huce. Batulu ta ce tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa ganin ƙeyarsa a wuri ɗaya na tsawon haka ba.

Sai damina ta ce ga ta. Kwana goma sha biyar in ba ruwa ba hadari. Ya so ya gwada hannunsa a kan siririn wata na ƙarshen wata, wanda ke fitowa bayan asuba, gajimare ya hana. Cikakken wata kowa ya iya kamo shi, amma jinjiri, wanda bai fi yankan farce ba, a sararin da bai gama duhu ba, kuma ba ya jimawa? Bai taɓa gwadawa ba. Ya dinga fita tsakar gida yana duban sama yana komawa, har Ebenezer ya ce masa ko ya nemi aiki wurin masu hasashen yanayi. Sau biyu ya ɗauki waya zai kira ruga ya ce injin ya lalace. Sau biyu yana ajiyewa.

Ranar ashirin da tara ba a ga wata ba, aka ce Zulƙida zai cika talatin. Washegari bayan azahar suka ɗauki hanya. Gwagwalada, Kwali, Abaji, Batulu na rungume da kwalin a baya kamar mai jego, shi kuwa rabin kallonsa a titi rabi a sama.

Sun tarar da Baffa Hammawa cikin farar riga, wadda Batulu ta ce rabonta da ganinta tun bikin ƙaninta. Ya ce bai gaya wa kowa ba. Amma an shimfiɗa tabarmi yamma da garke, ga dattawa daga rugage uku a zaune, kowa na yi kamar hanya ce ta biyo da shi.

Yamma kuwa gajimare ne baƙi ya tokare ta, sai wata 'yar tazara tsakaninsa da tudu, ba ta fi faɗin tabarmar sallah ba. Badamasi ya kafa igwa a gindin suri inda ƙasa ta daidaita, ya rataya galan, ya bar murfi a rufe, bakin yana kallon gabas har rana ta faɗi. Baffa yana tsaye ya fuskanci yamma. Ba ya ganin ƙwayar rana, amma yana ganin inda haskenta ya fi ƙarfi. Ya bi ta da fuska tun da ta ɓullo daga ƙarƙashin gajimaren har ta nutse.

Aka yi magariba. Allah ya yafe wa Badamasi wannan sallar, don jikinsa ne kawai a sahu. Ana sallamewa ya yi tsalle ya cire murfi, ya fara abin da ya saba. Wani saurayi ya ce ya duba can wajen kaɗanya, ya juya. Wani ya ce a'a, sama da haka, ya ɗaga. Ya share tazarar daga kudu zuwa arewa ya dawo, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Babu komai sai jan sama. Haske na raguwa.

"Badamasi."

Muryar Baffa ce, ba ƙarfi.

"Ba a bin saniya daji da ƙwarya. A mashaya ake jiranta."

"Baffa, lokaci..."

"Yana bayan gajimare, bai sauko ba. Wata ɗan rakiyar rana ne, sawunta yake bi. Akwai ɗorawa a kan tudun can, ko an sare ta?"

"Tana nan."

"Daidai kanta rana ta fito daga gajimare. Miƙa hannunka, ka auna yatsa uku hagu da ita. Ka sa bakin abin naka a leɓen gajimare. Ka bar shi nan."

Ya yi yadda aka ce. Ya ɗaure kusoshi, ya sa ido a ɗan goyo. Babu komai. Minti ɗaya. Biyu. Ƙafarsa ta fara kaɗawa. Carbi na gudu a hannunsa kamar ana binsa bashin tasbihi. Zuciyarsa na ce masa tsohon nan fa ba ya gani, in ya yi kuskure fa? Matsa dama kaɗan. Kaɗan kawai. Hannunsa ya saki carbi ya nufi bututu.

Sai ya ji an riƙe masa wuyan hannu. Shekara goma sha tara yana auren 'yar mutumin nan, ko musabaha ba su cika yi ba saboda kunya. Yau ga busasshen hannunsa ya damƙe shi kamar ya kama ɗan maraƙi.

"Tsaya," in ji Baffa.

Ya tsaya. Shi dai ya ce shekara guda ya yi a wurin, Batulu ta ce bai fi minti biyar ba. Can sai wani siririn zare mai haske ya zaro kansa daga leɓen gajimaren, kusan a tsakiyar ɗan goyo. Ya tura da kan yatsa, ya leƙa babban, ya murɗa har ya fito tas. Ya ja da baya.

"Baffa, bisimilla. Sa idonka nan."

Tsohon ya duƙa, kuma kamar kowane mai sanda, ya kai hannu ya dafa bututun don ya tokara. Igwa ta sunkuya. Wata ya tafi.

Wani dattijo ya yi salati. Tazarar da ta rage tsakanin wata da tudu ba ta fi tafin hannu ba.

"Baffa," in ji Badamasi, shi da kansa yana mamakin bakinsa, "don Allah kada ka taɓa. Abin nan ba ya son hannu. Ka tsaya cik."

Batulu ta rufe baki da mayafi. Wai yau Badamasi ke ce wa wani ya tsaya cik.

Baffa ya gyara tsayuwa. Ya ɗaga sandarsa ya gicciya ta a kafaɗa, ya rataye hannuwansa biyu a kanta, irin tsayuwar da ya yi shekara sittin yana yi a bayan shanu. Badamasi ya koma ɗan goyo. Bai share sama ba. Ya koma kan ɗorawa, ya auna hagu, ya sauko a hankali, ya same shi. Tsohon ya sunkuyo da sanda a wuya har girarsa ta kusa taɓa gilashi.

"Haske nake gani. Kamar nono ya zube."

"Zan murɗa. In ya fito ka ce."

Idon tsoho ba irin nasa ba ne, sai an nemo masa daidai shi. Ya kama ɗan abin murɗawar da yatsa biyu. A rayuwarsa bai taɓa yin wani abu a hankali kamar wannan ba. Ya ɓoye numfashi, yadda mai walda ya ce.

"Tsaya nan."

Sandar da ke kafaɗar Baffa ta ɗan yi rawa. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Wa ya kifar da shi?"

Hankakan Ebenezer! Badamasi ya manta shaf. Cikakken wata ko an juya shi ba a ganewa, amma jinjiri, wanda ke zama kamar ƙwarya a buɗe tana jiran nono, ga shi a cikin bututu a kife, ƙahonni ƙasa.

"Baffa, injin ne... bari in... akwai sukundireba a mota, yanzu zan..."

"Bar shi." Har yanzu idonsa na kan gilashi. "Wanda ya shekara biyu bai ga baƙonsa ba, ba ya tambayarsa don me ya juya hula."

Ya ci gaba da kallo, Badamasi na tura bututun da kan yatsa kaɗan-kaɗan don kada baƙon ya fice. Leɓunan tsohon na motsi, yana roƙon Allah ya tsayar da shi da aminci da imani, da lafiyar mutane da ta dabbobi. Da gindin watan ya taɓa tudu sai ya miƙe, ya sauke sandarsa, ya taka ya hau surin ba wanda ya riƙe shi. Ya juyo wajen tabarmi.

"Ya tsaya."

Sai a lokacin wurin ya ɓarke da "Alhamdu lillahi" da "Allah ya sa mun ga alherinsa." A nan Badamasi ya gane cewa masu lafiyar ido sun daɗe da ganinsa da idonsu, tun fitowarsa daga gajimare. Ba wanda ya buɗe baki.

Da za su tafi, an cika musu bayan mota da nono da man shanu, Baffa ya rako su har bakin garke. Badamasi na jiran godiya ko addu'a mai tsawo. Tsohon ya gyara riƙon sandarsa ya ce, "Watan gobe ka zo da wuri. Yau ka makara."

Yanzu shekara ta zagayo. Badamasi bai canja ba, kada wani ya ruɗe ku. Har yau a tsaye yake shan shayi, kwanan baya ma an ji yana tambayar yadda ake kiwon zuma. Amma 'yan Utako sun san duk ƙarshen wata shagonsa a rufe yake tun azahar, ko da ministan da aka sauke ne ke neman mai kwashe masa kujeru. Wani lokaci su gani, wani lokaci gajimare ya hana, su sha fura ya juyo. Dogon kwalin nan yana jingine a bayan shago, shi kaɗai ne kayan da ya shekara a hannunsa, masu tambayar kuɗinsa sun gaji.

Ya ma gano akwai wani ɗan madubi da ake ɗaurawa ya miƙar da abin da ya kife. Ya nemo shi da ƙyar, ya kai ruga yana ta zumuɗi. Baffa ya leƙa sau ɗaya ya ɗago.

"Cire. Mayar mini da nawa."